Amsa: ƙaramar kyamara a Jidda, mai dogon zum ko mai babbar sansa?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana neman kyamara ta aljihu don hotunan yara, walima da fita Kornish (bakin tekun Jidda), kuma ka rasa zaɓi tsakanin sabuwa mai zum sau 40 da wata ta hannu mai sansar inci ɗaya. In dai ta hannun tana da lafiya, ita za ka ɗauka.

Megafiksel da tsawon zum da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba su ne ke gyara hoto ba. Aikin yana wajen sansa, ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi. Masu dogon zum irin Canon SX740 sansarsu kimanin milimita 6.2 ce da 4.6. Ta Sony RX100 da Canon G7 X kuwa, wadda ake kira inci ɗaya, 13.2 ce da 8.8, wato girman filinta ya ninka waccan kusan sau huɗu, alhali duka biyun megafiksel 20 aka rubuta musu. Da rana tsaka bambancin ba yawa. To amma wa ke fita da yara da azahar a Jidda cikin watan Yuli? Fitarmu sai bayan magariba, walima kuma a istiraha, wato gidan taro na haya, bayan isha'i. A irin wannan hasken ƙaramar sansa takan cika hoto da ɗige-ɗige, kyamarar ta yi ƙoƙarin goge su, fuska ta fito kamar an shafe ta da man kaɗanya, ba gashin gira ba zaren hula.

Sai lambar f da ke zagaye da bakin gilashi. Ƙanƙantarta ita ce yawan hasken da ke shiga. G7 X Mark II tana farawa daga f/1.8 ta tsaya a f/2.8. SX740 daga f/3.3 take farawa, wato tun ba ka taɓa zum ba an fi ta haske fiye da sau uku, in ka miƙe shi duka ta koma f/6.9. Shi ya sa mai dogon zum ke iya jawo maka tsirin ruwan Sarki Fahad daga nesa da la'asar, amma ta kasa tsayar da yaron da ke gudu a falo. Ka kuma lura, RX100 suna ɗaya ne amma iri-iri ce. Ta farko, ta 2012, ba ta da Wi-Fi, sai ka zare kati kafin ka tura wa mutanen gida hoto. Daga ta uku, ta 2014, zuwa ta biyar, zum milimita 24 zuwa 70 ne mai haske f/1.8 zuwa f/2.8, da ɗan maleƙin ido da ke tasowa daga sama, wanda ke da rana sosai a nan inda hasken rana ke kashe sikirin. Ta shida da ta bakwai sun kai 200 amma gilashinsu ya fi duhu. Don aikinka, ta uku zuwa ta biyar sun fi dacewa.

Waya mai kyau kan iya doke ƙaramar kyamara a hoton gini ko titi da dare, domin tana haɗa hotuna da yawa ta fitar da ɗaya. Inda kyamara ke gaba shi ne zum na gilashi na gaskiya don hoton fuska, da filasha mai ƙarfi da ke tsayar da motsi.

Yanzu duba ta hannu, ko a Haraj, kasuwar kayan hannu, ka gan ta ko a shago. Kada ka biya sai ka riƙe ta. Kunna ta ka kashe kamar sau goma kana saurare: gilashin ya fito ya koma sumul, ba ƙarar gurzawa, ba tsayawa a rabin hanya. Wannan ƙarar yashi ce a cikin haƙoran bututun, kuma ita ce ke ƙarewa da saƙon matsalar gilashi a sikirin, gyaran da sau da yawa bai cancanci kuɗinsa ba. Daga nan ka sa ta a A ko Av, saitin da kai ke zaɓar lambar f, ka kai lambar f zuwa 8 ko 11, ka miƙe zum duka, ka ɗauki farin bango. Buɗe hoton ka zuƙo shi. Duk tabon toka-toka da ya zauna wuri ɗaya a hoto biyu ko uku ƙura ce a kan sansa, kuma tunda gilashin waɗannan ba ya cirewa, sai an warware kyamarar kafin a share. Haska fitilar waya cikin gilashin ka nemi farin zare-zare kamar saƙar gizo. Fumfuna ce, aikin laimar Jidda, ka bar musu kayansu. Ka ɗauki jarida ma daga gaba, ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, alamar ta taɓa faɗuwa. In sabuwa ce, ka tabbata akwai garantin wakili na cikin ƙasa, ka adana fatura, wato rasit.

Yawancin irin waɗannan an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, mota kuwa in ta sha rana a ajiye takan zarce haka nesa, don haka kada ta wuni a ciki. Batir kan kumbura. Wani abin da mutane ba su lura da shi: ka fito da ita daga ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, zuwa iskar bakin teku, nan take raɓa ta kwanta a gilashi har ciki. Ka bar ta a rufe cikin jakarta, ko ledar zif, minti 15 zuwa 20 kafin ka kunna. Kada ka jefa ta aljihun jallabiya tsirara, kuma in yashi ya hau ta, da ɗan famfon iska na roba ake hurewa tukuna kafin a kai ƙyalle. Wanda rabin rayuwarsa a sahara ko a ruwan Abhur, gaɓar teku a arewacin Jidda, take, gara ya nemi OM System TG-7, wadda gilashinta ba ya fitowa waje, tana nitsewa mita 15, ko da yake sansarta ƙarama ce.

Saiti kuma: baƙar fata cikin farar jallabiya ko harami takan ruɗa kyamara, ta auna farin ta bar fuskar a duhu. Kunna gane fuska, ka ƙara haske da +0.7, ko ka tilasta filasha ko da rana ce in mutumin bai wuce mita biyu ko uku ba. Ga yara, shota, wato saurin ɗaukar hoto, kada ta gaza 1/250 na daƙiƙa a waje, 1/125 a ɗaki, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken sansa, ka yi masa iyaka a 3200. Wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Najeriya da Nijar 50Hz, saboda haka in bidiyo na rawa ƙarƙashin fitila, ka mai da tsarin bidiyon NTSC a nan, PAL in ka je gida. Batir ɗaya kimanin hoto 220 zuwa 320 yake yi, ka sayi na biyu na asali, a jirgi kuma jakar hannu ake sa shi. Kati 64GB mai alamar sauri ta V30 ya isa, daga babban shago, domin na jabu sun yi yawa.

Sannan ka san inda kake nuna ta. Gine-ginen gwamnati da na tsaro ba a ɗaukarsu, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1 ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, kan keta sirrin mutane ta hanyar hoto. A Kornish ka matsar da yaran gefen da babu iyalin wani a bayansu kafin ka danna.