Kafin Ka Sayi Ƙarin RAM, Gano Inda Kwamfutar Take Shaƙewa

Tambaya: Kwamfutata mai Linux tana da RAM gigabait 8, kuma ta yi nauyi. Da na buga umarnin `free -h` sai na ga abin da ya rage bai kai rabin gigabait ba. RAM zan ƙara ko SSD, wato faifan ajiya mai sauri, zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da fitar da kuɗi tukuna. Linux ba ya barin RAM a zaune haka kawai. Duk wurin da ba a amfani da shi, sai ya ajiye fayilolin da aka buɗe kwanan nan don saurin ɗauko su, da zarar wata manhaja ta nemi wurin kuma ya sakar mata. Shi ne abin da kake gani a ƙarƙashin `buff/cache`. Adadin da ya shafe ka yana ƙarƙashin `available`. In yana nuna gigabait 2 ko 3, ba RAM ce matsalarka ba.

Lokacin da nauyin ya taso, buga `vmstat 1` ka bar shi yana gudu. Kada ka kula da layin farko, matsakaici ne tun daga kunna na'urar. Idan `si` da `so` suna ta nuna lambobi ba sifili ba, RAM ta cika har ana kwashe kaya zuwa faifai ana dawo da su. Nan ƙarin RAM zai yi magani. Idan su biyun suna sifili amma `wa` ya yi sama, faifai ne na'urar take jira, kuma in tsohon faifai ne mai juyawa, SSD ce za ta sauya maka komai. In kuwa `us`, wato kason aikin firosesa da manhajoji ke ci, shi ne ya kusa 100, buɗe `htop` ka ga manhajar da ta danne firosesa. Sau da yawa shafi ɗaya ne a burauza, kuma wannan ba sayayya yake buƙata ba.

Kallo ɗaya ba ya isa yanke hukunci. Saka `sysstat`, yana ɗaukar awo duk minti 10, bayan kwana biyu ka duba `sar -r` don RAM da `sar -u` don firosesa. A nau'in Linux na Debian sai ka mayar da `ENABLED` zuwa `true` a `/etc/default/sysstat`, in ba haka ba babu abin da zai tara.

In ta tabbata RAM ce, `sudo dmidecode -t memory` zai nuna maka nau'inta da ko akwai gurbin da ba kowa. DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5, wasu kwamfutocin cinya kuma a liƙe tasu take, ba ta ƙaruwa.

Tambaya: Mu da yawa ne ke aiki a kan saba ɗaya, wato kwamfutar da kowa ke shiga daga tasa. Wace manhaja zan saya da za ta nuna mini umarnin da kowa ya buga?

Amsa: Malama, ba sai kin saya ba, amma kada ki dogara da `history`, umarnin da ke nuna tarihin abin da mutum ya buga. Bash, wato manhajar da ke karɓar umarni, yakan rubuta tarihin ne sai an rufe zaman, mai shi yana iya goge fayil ɗin, a Ubuntu ma duk umarnin da aka fara da tazara (space) ba ya shiga. Don amfanin kanki yana da kyau, musamman in kin saka `HISTTIMEFORMAT="%F %T "` ya riƙa nuna lokaci.

Mafi sauƙi shi ne `acct`, wanda a Fedora ake kira `psacct`. Da `lastcomm` za ki ga wa ya gudanar da me, da `sa` kuma yawan amfani da lokacin firosesa. Rauninsa: sunan umarni kaɗai yake riƙewa. Zai ce an buga `rm`, ba zai faɗi abin da aka goge ba.

Don cikakken bayani muna ba da shawarar `auditd`, da wannan ƙa'ida:

`-a always,exit -F arch=b64 -S execve -k umarni`

Sai ki bincika da `ausearch -k umarni -i`. Rajistar tana kumbura da sauri, don haka ki saita iyakarta a `auditd.conf`. Duk mai ikon `root`, wato cikakken iko a kan na'urar, yana iya shafe ta, saboda haka ki riƙa tura kwafi zuwa wata na'ura daban. Ki kuma sanar da abokan aikin cewa ana rubutawa, domin kalmar sirrin da aka buga a cikin umarni ita ma za ta shiga rajistar.