Amsa kan sunan Seán: asalinsa da yadda ake faɗinsa

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwan da ya ce ya ga an rubuta Seán amma ya ji ana kiran mai sunan "Shon", to ba kuskure suke yi ba, haka ake faɗa. A harshen mutanen Ayilan, duk s ɗin da ta jingina da e ko i, sh ake karanta ta. Ita e ɗin nan ba a furta ta, aikinta kenan, ta mayar da s sh. Ɗan karan da ke kan á kuwa, "fada" suke ce masa a harshensu, shi ke jan wasalin ya yi tsawo.

Kada a raina karan nan fa. Ka cire shi, ka rubuta sean, ka ce "tsoho" kenan, kuma "shan" ake karantawa. Ka ɗora shi kan e, séan, ya koma musantawa.

Asalin sunan ba na Ayilan ba ne. Normawa ne, mutanen da asalinsu arewacin Faransa ne, suka shiga Ayilan a 1169 da sunan Jehan na tsohon Faransanci. Harshen ƙasar ba shi da j, sai baki ya mayar da ita sh. Shi Jehan daga Latin ya fito, Latin kuma daga Ibrananci, Yohanan, wato "Ubangiji ya yi alheri". Shi ne Yohanna a wajen Kiristocinmu, kuma wanda suke kira Yohanna Mai Baftisma shi ne Annabi Yahaya ɗan Zakariyya, alaihissalam.

Abin da mutane ke mantawa, sunan ya shiga ƙasar sau biyu. Tun kafin Normawa akwai Eoin, "Owin", ta hanyar coci, shi ake sa wa Yohanna na cikin littafi mai tsarki. Mutanen arewacin Ayilan, wato Ulster, su "Shen" suke cewa, daga nan sunan Shane ya samo asali. Na mata Siobhán, "Shivon".

Masu sunan: Seán T. O'Kelly ya yi shugaban ƙasar Ayilan daga 1945 zuwa 1959, Seán Lemass firaminista daga 1959 zuwa 1966. Seán MacBride ya karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1974, ya kuma yi kwamishinan Majalisar Ɗinkin Duniya kan Namibiya. Sean Connery kuwa ɗan Sikotilan ne, a Edinburgh aka haife shi a 1930, kada a cusa shi cikinsu. Wassalam.