Me ya sa hormon na sitiroid ke jinkirin nuna tasiri?

Ka tambayi dalilin da ya sa kotisol da testosteron, waɗanda hormon ne (sinadaran da ke kai saƙo a jiki) na rukunin sitiroid, ba sa aiki nan take kamar hormon ɗin adirinalin. Duka biyun daga kolestarol jiki ke ƙera su, kuma ginshiƙinsu zobba huɗu ne haɗe da juna, masu ɗauke da ƙwayoyin kabon 17. Da yake suna narkewa cikin kitse, sukan ratsa fatar tantanin halitta su tarar da mai karɓarsu a ciki, sannan hormon ɗin da mai karɓarsa su manne wa DNA, inda ƙwayoyin gado suke, su kunna wasu ƙwayoyin gado ko su danne su. Ƙwayoyin gadon da aka kunna ne ke sa a ƙera sabon furotin, ƙera shi kuwa yakan ɗauki sa'o'i, a nan jinkirin yake. Shi adirinalin ba ya shiga ciki, a kan fatar yake isar da saƙonsa cikin daƙiƙu.