Hukuncin Kasuwancin Abin Sha na Ƙarin Lafiya Mai Tsarin "Kawo Mutum Biyu"

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ƙawata ce ta kai ni taron wani kamfani mai sayar da abin sha na kwalba, wai yana maganin ciwon suga, hawan jini, olsa da rashin haihuwa. Rajista naira dubu 85 ce, a ba ka katan guda. Daga nan sai ka kawo mutum biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su ma su kawo nasu, kai kuma kana samun kamasho a kan duk wanda ya shigo ƙarƙashinka. Kowane wata dole ka sayi kaya don kada makinka ya zube. Sun ce suna da lambar NAFDAC da rajistar CAC. Shin ya halatta in shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, a kan siffar da kika bayar, shiga wannan tsari bai halatta ba. Ga dalili.

Asalin ciniki halal ne, kamar yadda aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta nuna. Dillanci ma halal ne. Imamul Bukhari ya buɗe babi a kan ladan dillali, ya ambaci cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Masu kamfanonin nan da wannan suke kafa hujja, su ce kamashon la'ada ce ko ji'ala, wato ladan da ake alkawarta wa duk wanda ya kammala wani aiki. To amma shari'a haƙiƙar abu take dubawa, sunan da aka laƙaba masa ba ya canza hukunci.

Ki dubi dillalin kasuwar shanu. Ba ya biyan ko sisi kafin a bar shi ya yi dillanci. Ba a ce masa sai ya sayi saniya kowane wata kafin a ba shi la'adarsa. Kuma la'adar tasa a kan cinikin da shi ya ƙulla ce, ba a kan cinikin wani da bai taɓa gani ba. Abubuwan nan uku duk sun saɓa a tsarin da kika siffanta: kin biya kafin ki shiga, an ɗora miki sayayyar wata-wata, sannan mafi yawan kuɗin da ake kwaɗaita miki daga aljihun mutanen mataki na biyar da na shida zai fito. A mazhabar Malikiyya kuma ji'ala tana cikin ƙulle-ƙullen da ba a haɗa su da ciniki a yarjejeniya ɗaya. Nan kuwa an ce ba ki da haƙƙin ji'alar sai kin saya.

Sai batun kwalbar kanta, wanda shi ne jigon mas'alar. Ki tambayi kanki gaskiya da gaskiya: da babu alkawarin kamasho, za ki fitar da dubu 85 ki sayi katan ɗin nan don ki sha? Ki shiga kemis ko kanti ki nemi abin sha mai kayan haɗi irin nasa ki ga farashinsa. Idan na kamfanin ya ninka na kasuwa, to rarar ba kuɗin abin sha ba ce, kuɗin shiga layi ne, kuma da ita ake biyan na sama. Ashe kenan kin ba da kuɗi ne don ki sami kuɗin da ya fi shi, wanda zai iya zuwa zai iya ƙin zuwa, kwalbar kuwa labule ce. Wannan ya haɗa garari, wato cinikin da ba a da tabbacin abin da za a samu a cikinsa, da caca. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cinikin garari, kuma aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna.

Lissafi ma shaida ne. Idan kowa zai kawo biyu, mataki na goma kaɗai yana buƙatar mutum 1,024, kuma a kowane lokaci na ƙasan da ba su kawo kowa ba sun fi rabin duk waɗanda ke ciki. Idan biyar-biyar ne, mataki na 12 yana neman mutum sama da miliyan 244, wato kamar a ce duk Najeriya ta shiga har da jarirai. Tilas ne layin ya tsaya wata rana, kuma masu asara su ne mafi yawa. Wannan ba tsautsayi ba ne irin wanda ke faɗa wa kowane ɗan kasuwa, haka aka gina abin tun daga tushe. Su wane ne na ƙasan? Ƙannenki, matan unguwarku da 'yan ajinku na Islamiyya, waɗanda suka shiga saboda sun yarda da ke.

Kwamitin Dindindin na Fatawa na Saudiyya ya haramta irin wannan tsari a fatawarsa mai lamba 22935 ta shekarar 1425 Hijira, bisa dalilan riba (kuɗin ruwa) da garari da cin dukiyar mutane da yaudara. Adalci ne in ambata cewa akwai malaman da suka ba da ƙofa. Majalisar Malaman Indonesiya ta fitar da fatawa mai lamba 75 a 2009 ta halatta shi da sharuɗɗa, ciki har da cewa kayan su zama na gaske, kada a tsawwala farashi, kamasho ya dogara da cinikin da aka yi, kuma kada a sami kuɗin da ke shigowa ba tare da aiki ba. Ko da wannan sassaucin aka auna kamfanin da kika siffanta, bai tsallake ba. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ma wannan ma'aunin ta ɗora wa Herbalife, wani kamfanin kayan ƙarin lafiya mai irin wannan tsari, a 2016: ya biya dala miliyan 200, kuma aka wajabta masa ya riƙa biyan wakilai bisa kayan da aka sayar wa masu sha na gaske.

Takardun da suka nuna miki ba sa warware komai. CAC rajistar kamfani take yi, ba ta duba halal da haram. Lambar NAFDAC kuma ta shafi abin da ke cikin kwalbar ne, ba tsarin rabon kamasho ba, kuma ba ta nufin an tabbatar yana warkar da cuta. Ki juya kwalbar ki karanta, sau da yawa za ki tarar an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba. A nan akwai wani zunubin mai zaman kansa. Ki ce wa mai ciwon suga ko hawan jini wannan zai warkar da shi alhali ba ki da ilimin haka, algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Idan ya ajiye maganin asibiti saboda maganarki, sugan ya hau ko ya sami shanyewar ɓarin jiki, kina da kaso a alhakinsa.

Idan abin shan ba shi da giya ko wani abu mai cutarwa, babu laifi ki saya ki sha, ko ki sara ki sayar ki ci ribarki kamar kowane kaya, matuƙar ba a sharɗanta miki kawo mutane ba kuma ba ki jingina masa maganin da ba a tabbatar ba. Kafin ki yarda da kowane kamfani irin wannan, ki nemi su nuna miki a rubuce: nawa ne daga cinikinsu ke zuwa daga waɗanda ba wakilai ba, shin ana iya samun kamasho ba tare da sayayyar dole ba, kuma shin suna karɓar kayan da suka yi kwantai su mayar da kuɗi. Idan aka amsa miki da hoton mota da labarin tafiya Dubai, kin sami amsarki.

Ita kuma ƙawar taki da ta riga ta shiga, ta tuba, ta daina gayyatar kowa daga yau. Kayan da ke hannunta ta sayar a farashin da ya dace ba tare da ƙarya ba, ta nemi uwar kuɗinta daga kamfanin idan da hali. Kamashon da ta karɓa saboda shigar mutane, abin da ya fi tsira shi ne ta mayar wa waɗanda ta sani sun yi asara ta dalilinta, wanda ba ta san mai shi ba kuma ta bayar ga mabuƙata.

Wallahu a'alam.