Amsa ga mai tambaya kan bulon wasa na yara

Wa alaikumus salam, Maman yara. Kin ce kina da ɗan shekara 2, da 'yar 5, da ɗan 8, kuma kina tambaya ko ki sayi LEGO na asali ko 'yan China, sannan wane kwali zai ishe su wasa tare.

Fara da autan, shi ne zai yanke hukunci. Ƙananan bulon LEGO ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne, domin komai baki yake kai wa, kuma tayoyi da kawunan 'yan mutum-mutumin suna iya maƙalewa a maƙogwaro. Gwaji mai sauƙi: duk abin da ya wuce ta cikin kwalin da ke tsakiyar tishu, a ɗauke shi daga gabansa. Nasa shi ne Duplo, wanda kamfanin LEGO na Denmark ya fitar a 1969. Tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ninki biyu ne na ƙaramin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙaramin bulo mai kawuna takwas, wato 'yan tudun da ke samansa, yana hawa kan Duplo daram, don haka idan ya girma ba a yi asara ba, su zama harsashin gini. Manyan bulon Mega Bloks kuwa, na wani kamfani daban, ba sa shiga da Duplo, kar a haɗa su a yi ta fama.

Ga manyan biyun, ki guji kwalin da ke gina abu ɗaya tak, kamar mota ko jirgi. Rana ɗaya za su gama shi, yanki guda ya ɓata, sai rigima. Kwalin gauraye ya fi, irin LEGO Classic mai guda 484 ko babba mai 790. Yara biyu, mai 484 ya wadatar da farko. Ki leƙa ki ga akwai masu kawuna takwas da masu huɗu da yawa, da tayoyi aƙalla na mota biyu, da ƙofa da taga. Wani kwalin za a rubuta masa guda dubu, amma rabi tsaki ne da ba ya gina komai. Ki ƙara faifan gini guda biyu, mai kawuna 32 kowane gefe, kusan santimita 25, kowa da nasa filin.

Batun 'yan China, ba duka ne banza ba, akwai masu kyau da ke shiga da LEGO. Amma kar ki biya sai an buɗe kin gwada. Haɗa guda biyar ki girgiza. Idan suka zube, riƙonsu ba shi da ƙarfi, ginin yaro zai riƙa rushewa har ya gaji ya daina. Idan kuma sun cije sai da ƙyar, da haƙori zai ɓamɓare su. Shafa gefen ko akwai kaifi, ki sansana. Mai warin ƙonanniyar roba, bar musu kayansu. Mai ɗan maganaɗisu ko ƙaramin batir irin na agogo ma ki bar shi, haɗiye su ya fi haɗiye roba haɗari nesa ba kusa ba.

LEGO na gwanjo yakan fi sabon jabu. Duba kan kowane ɗan kai, za ki ga sunan a rubuce. A wanke da hannu, da ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 40 ba da ɗan sabulu, a shanya a inuwa. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa robar, rana kuma tana mayar da fararen ruwan ɗorawa.

Idan za a zauna wasa, shimfiɗa tsohon zani a juye a kai, in an gama a tattare bakinsa, ba wanda zai taka da daddare. Koya musu jeri irin na magina: kar gaɓa ta hau kan gaɓa, kowane bulo ya danne biyu na ƙasa, shi ya sa bango ba ya tsagewa. Siraran bulo uku kuma, in an ɗora su kan juna, tsayinsu ɗaya da cikakken bulo guda. Ƙananan dai sai autan ya yi barci, ko a kan tebur da hannunsa ba ya kaiwa.