Amsa: Tarin ƙanena ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Malam Sani Allah shi ba shi lafiya. Ka ce ƙanenka ya yi sati uku yana tari, ga gumi da dare ga rama, kuma maganin kemis bai yi komi ba, to don Allah ku bar kemis ɗin nan haka, tarin da ya wuce sati 2 tarin fuka ake fara zargi. Ba sai kun tai UDUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato) ba, ku je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ku tambayi sashen DOTS, wato sashen masu kula da tarin fuka, za su ba shi 'yar kwalba ya tofa kaki ciki, kaki na ƙirji fa ba miyau ba, su aika gwajin GeneXpert, wato na'urar da ke gano ƙwayar cutar tarin fuka cikin kaki. Gwaji da magani duk kyauta ne.

In an samu, wata 6 zai yi yana sha kullum. Fitsarinshi zai koma ja, kar ku tsorata, maganin ne. Inda mutanenmu ke kuskure, da sun ji sauƙi a wata na biyu sai su aje, ciwon ya dawo ya daina jin magani, wannan kam wahala ce. Za su yi mashi gwajin HIV ma, ka'ida ce. Ku riƙa buɗe tagogi, kuma yaran gidan a kai su a duba.