Amsa: Na'urar DVD tana kunna faifan waƙa na CD?

Malam, ka tambaya ko DVD ɗinka zai kunna faifan CD ba tare da talabijin ba. Zai kunna sarai. Jona wayoyin nan biyu, ja da fara, daga bayan na'urar zuwa amfilifaya ko sifika mai wutar kanta. Rawayar ta hoto ce, bar ta.

In fim na tashi amma CD ya ƙi, yawanci idon ne, wato ɗan gilashin da ke karanta faifai a cikin na'urar: DVD da CD kowanne da hasken da ke karanta shi, na CD kan raunana shi kaɗai. Amma fara da ƙura, ka san hunturun Sakkwato. Cire wuta, buɗe murfin, goge idon a hankali da busasshiyar auduga. Faifan kuma daga tsakiya ake goge shi zuwa baki, ba zagaye ba.